Matar da Ta Tsaya a Danja

Shekara ashirin da biyu Malama ta yi tana koyarwa a firamare, tara daga ciki ita ce shugabar makaranta, kafin ofishin ilimi ya gano cewa duk wanda ba shi da digiri bai san yadda ake riƙe makaranta ba. Da takardar ta iso teburinta ta karanta ta sau biyu, ta ɗauki jan biro ta gyara kuskuren rubutu guda uku a ciki, sannan ta nemi hutun ƙaro karatu.

Jami'ar tana wani gari mai tafiyar awa huɗu daga gida. Maigidanta, wanda ya yi ritaya daga hukumar ruwa, ya ba ta aron motarsa kamar mai ba da aron ƙoda. Motar ta girmi ɗansu na biyu, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Shi ya koya wa Malama tuƙi tun da daɗewa, kuma da littafi ya koya mata: a duba madubi, a ba da sigina, a tsaya inda aka ce a tsaya. Ranar tafiya ya zagaye motar sau uku yana shafa ta, ya yi mata addu'a, sannan ya tuna ya ce wa matarsa ita ma Allah ya kiyaye hanya.

Ta kama ɗaki a wani gidan haya na ɗalibai mata a bayan jami'a, tare da 'yar ƙaninta da aka sa wa sunanta, wadda kowa a dangi ke kira Takwara. Ɗakin katifa biyu ne, bokiti huɗu, risho ɗaya a bayan ƙofa, da wani madubi da ya kusa kai tsayin mutum. Littattafan Takwara kuwa suna aiki tuƙuru. Ɗaya ya tokare taga, biyu suna ƙarƙashin fanka don ta kai saitin katifa, mafi kaurinsu kuma shi ake jingina waya a jikinsa idan za a ɗauki hoto.

“Gwaggo, yanzu ai komai a waya yake,” in ji Takwara da ta ga Malama na kallon littattafan.

“Na gani, Takwara. Shi ya sa kike karatu har da dariya.”

Cikin mako biyu Malama ta fahimci yadda rayuwar ɗalibi take. Yaran sun baro iyayensu daga nesa don neman ilimi, amma suna taka-tsantsan sosai kada su yi karo da shi a hanya. Lacca ta ƙarfe takwas ana zuwa ta tara saura. Taliya ake ci da safe, da rana a ci taliya, da yamma a canza tukunya a sake dafa taliya. Kowa a gajiye yake, ba ka kuma isa ka gano aikin da ya gajiyar da shi ba. Duk wanda ka tambaya ya karatu sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Muna fama,” yana shafa waya da babban yatsa.

Amma duk wannan bai ɗaure mata kai kamar titi ba. A garin nan hon shi ne birki, shi ne sigina, shi ne sallama, shi ne zagi. Farin layin da aka shata a tsakiyar kwalta, direbobi sun ɗauke shi a matsayin shawara, kuma shawarar wanda ba su girmama ba. 'Ya'yan masu hali suna tuƙa motocin iyayensu da hannu ɗaya, ɗayan hannun a waje yana shan iska. Masu babur suna fitowa ta inda ko kaza ba za ta yi tunanin bi ba. Malaman jami'a kuwa suna tuƙi kamar mutanen da suka yi rubuce-rubuce da yawa har mutuwa ta san da zamansu tana kauce musu.

A mararrabar da ke gab da babbar ƙofar jami'a akwai danja. Sabuwa ce fil, tana aiki lafiya lau, tana nuna ja da ruwan ɗorawa da kore bi da bi, dare da rana, ba wanda ya taɓa damun ta, ita ma ba ta taɓa damun kowa ba. Malama ce kaɗai a garin take tsayawa idan ta nuna ja. Za ta taka birki, ta ɗora hannu biyu a sitiyari, motoci su yi ta kewaye ta hagu da dama suna danna hon, wasu su leƙo su tambaye ta ko mai ne ya ƙare. Sigina kuwa ko cikin gidan hayarsu za ta shiga sai ta kunna. Ba a yi wata guda ba ɗalibai suka raɗa mata Mama Sigina.

Sunan bai hana su shiga motar ba. Kullum da safe akwai Takwara a gaba, da 'yan mata biyu na gidan a baya, da wakilin ajinsu Malama, wani dogon saurayi mai gemu da jakar ratayawa da ba a taɓa ganin littafi ya fito daga cikinta ba. Kwamared ake kiran sa. Malama takan ce masa Monita, shi kuma ya gyara mata kullum cikin ladabi.

“Mama, Kwamared ne. Monita ai na 'yan firamare ne.”

“To me kake yi wa ajin?”

“Ina karɓar sunayen waɗanda suka zo, ina goge allo, ina kai wa malamai saƙo.”

“Allah ya yi maka albarka, Monita.”

Daga gida zuwa makaranta tafiyar minti goma sha biyar ce, kuma Kwamared yakan cika ta taf da jawabi. Zalunci, danniya, 'yancin ɗalibi, ranar da matasa za su miƙe. Ya sha faɗa cewa shi ba ya tsoron kowa a jami'ar nan, daga mai gadi har shugaba, kuma ranar da za a gwada shi za a gani.

Ranar ta zo a wata Litinin, ƙarfe takwas saura minti goma.

Danja ta nuna ja, Malama ta tsaya. Kwamared yana tsakiyar cewa gaskiya ba ta buƙatar rakiya sai aka ji ƙara, gam! Motar ta zabura gaba, filas ɗin shayin Malama ya yi tsalle daga cinyar Takwara, goshin Kwamared ya daki bayan kujera, sauran jawabin ya koma ciki. Malama ta kashe mota, ta juya ta ƙirga yaran da ido kamar yadda ta saba yi idan an dawo daga hutun tara. Ba wanda ya ji rauni. Ta gyara mayafinta ta fita.

Bambar baya ta sauka gefe ɗaya tana taɓa ƙasa, fitilar hagu ta tarwatse a kan kwalta, but ɗin zuba kaya ya lotsa. Motar da ta buge su baƙa ce, doguwa, hancinta ya tattare, ruwa na zuba daga ƙarƙashinta. Wani mutum mai tumbi da kwat mai ruwan toka ya fito daga ciki, waya na manne a kunnensa.

“Bari zan kira ka,” in ji shi. “Wata mata ce ta buge ni da bayan motarta.”

Malama ta gane shi nan take. Dokta ne, mai koyar da su Ɗa'ar Aikin Koyarwa. A mako tara da aka yi ana karatu sau biyu ya zo aji, kuma duka biyun silin ya yi wa lacca.

“Ke wace irin mace ce?” ya daka mata tsawa. “Haka kawai ki tsaya a tsakiyar titi?”

“Danja ce ta tsayar da ni.”

Ya ɗaga kai ya dubi wajen da ta nuna, ya ƙanƙance ido, kamar yau aka dasa ƙarfen.

Kafin ka ce me, jama'a sun taru. Masu babur, masu sayar da katin waya, ɗalibai da suka samu dalili mai kyau na makara. Kowa ya duba ɓarnar, kuma ba a ɗau lokaci ba aka yanke hukunci: laifin matar ne.

“Hajiya, ai ba a tsayawa a nan.”

“Baƙuwa ce, ku yi mata uzuri.”

“Irin su ne ke jawo hatsari. Mutum na tafiyarsa lafiya sai ya tarar da mota a tsaye.”

Takwara ta ja gefen mayafin Malama. “Gwaggo, Dokta ne fa. Doktanku.”

“Na gan shi, Takwara. Shi ne dai bai gan ni ba.”

Ta waiwaya neman Kwamared, don ga shaida a hannu, mutumin da ba ya tsoron kowa. Ƙofar baya ta ɗaya gefen a buɗe take. Can ta hango shi a bayan taron, ya ja hula har gira, yana tambayar wani mai babur abin da ya faru.

Jami'in kula da hanya ya iso daga inuwar da yake zaune, yana goge baki. Ya gaida Dokta da hannu biyu, ya gaida Malama da gira.

“Hajiya, me ya sa kika tsaya?”

“Fitila ta nuna ja.”

“Na ji. Amma akwai motar da ke tahowa ta gefe?”

“Babu.”

“To kin gani.” Ya buɗe hannuwa, ya dubi jama'a, jama'a suka gyaɗa kai. “Fitilar nan ai da hankali ake bin ta.”

“To rubuta hakan,” in ji Malama. “Ka rubuta cewa na tsaya a jan danja, an buge ni ta baya, kuma laifina ne. Ka sa hannu.”

Jami'in ya laluba aljihu, babu biro. Ta ba shi nata. Babu takarda kuma. Ta yago masa daga littafinta. Ya jingina da motarta ya yi ta nazari har gumi ya keto masa, sannan ya rubuta layi ɗaya: motoci biyu sun haɗu. Malama ta karɓa ta duba, ta sa masa aya a ƙarshe, ta ninke ta jefa a jaka.

Dokta dai bai tsaya ganin ƙarshen wannan ba. Ya sa an tura motarsa gefen titi, ya nuna Malama da makulli ya ce za ta san wanda ta taɓa, ya tare tasi ya wuce. Ita kuma ta sa wani mai faci ya ɗaure mata bambar da igiya, ta shiga mota, ta jira fitila ta nuna kore, ta ba da sigina da fitilar da ta rage, ta shiga makaranta.

Da azahar ta kira gida.

“Malam, an buge ni a hanya.”

“Innalillahi! Ta ina? Gaba ko baya?”

“Baya.”

“Fitilun fa? But ɗin yana rufuwa?”

“Ni lafiyata ƙalau, na gode da tambaya.”

Maigidan ya yi gyaran murya, ya ce ai daga jin muryarta ya san lafiyarta lau, shi ya sa ya wuce zuwa ga wadda ba ta iya magana.

Bayan la'asar tana zaune a tsakar gidan haya tana bitar darasi sai ga tawaga. Mutum bakwai, Kwamared a gaba da ƙulu a goshi. Suka durƙusa suka gaishe ta da ladabin da ba ta san suna da shi ba.

“Mama, mun zo ne a madadin aji,” in ji Kwamared. “Da farko muna jajanta miki.”

“Na gode, Monita. Ka samu labarin wurin mai babur ɗin?”

Ya haɗiye wannan da ƙyar. Ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, kuma ba wanda ya ce Mama ba ta da gaskiya. Sai dai ita gaskiya tana da lokacinta. Jarrabawa saura mako biyar. Dokta mutum ne mai riƙo. An ce shekarar da ta wuce wani ɗalibi ya ajiye babur a inuwar da yake ajiye mota, aji guda ya sha ƙasa. Mutum ɗari huɗu ne a ajin nan, wasu marayu ne, wasu an sa musu ranar aure bayan kammalawa. Abin da ake roƙo ƙarami ne: Mama ta je ofis, ta ɗan rusuna, ta ce a yi haƙuri.

“Haƙurin me?”

“Na... tsayawar.”

“Wato in ce masa, Dokta, ka gafarce ni, na ajiye bayan motata a inda gaban taka zai wuce.”

“Ba lallai da waɗannan kalmomin ba, Mama.”

“Kai ne fa da safen nan kake cewa gaskiya ba ta buƙatar rakiya.”

“Shi ya sa na bar ki da ita, Mama,” in ji wani daga baya, yana kwaikwayon muryar Kwamared. Aka ƙyalƙyale da dariya, har da Malama, amma da dariyar ta lafa ba wanda ya tashi. Suna nan durƙushe suna kallon ta, kuma ta ga tsoron da ke idonsu na gaske ne.

Ta ce su je za ta yi tunani.

Bayan sun fita Takwara ta zauna a bakin katifa ta fashe da kuka. Ta ce Gwaggo ba ta san wurin nan ba. Ƙawarta ta maimaita shekara guda cur a kan abin da bai kai wannan ba. A nan ba a jayayya da mai jan biro.

“Ni ma mai jan biro ce, Takwara.”

“A can, Gwaggo. A nan lamba ce ke.”

Maganar ta zauna wa Malama a ƙirji. Kwana uku tana juya ta. Idan ta faɗi wannan kwas, sai ta ƙara shekara, hutun da aka ba ta kuma ba zai ƙaru ba. Za ta koma makarantar da ta gina da hannunta ta zauna a ƙarƙashin mataimakinta, yaron da ita ta koya wa yadda ake cika rajista. Ta tuna sau nawa ta tsaya gaban yara a filin taro tana ce musu wanda bai yi laifi ba kada ya sunkuyar da kai. Ashe faɗar hakan da daɗi ne idan kai ne ke riƙe da ƙararrawa.

A kwanakin nan motarta ta huta. 'Yan matan gidan suka gano cewa tafiya a ƙasa na da amfani ga lafiya. A aji kuwa kujeru uku na hagunta da uku na damanta suka zama fili, kamar mai mura. Bakanike ya ɗaga bambar, ya sa sabuwar fitila, ya ba ta shawara kyauta cewa in tana son motar ta daɗe ta daina tsayawa a danja.

Ran Alhamis dole ta kai ta ofishin Dokta, ko tana so ko ba ta so. Akwai fom na fita koyon aikin koyarwa, wanda shi ke sa wa hannu. Jami'a ta ga ya dace, bayan shekara ashirin da biyu, a tura Malama wata firamare ta ga yadda ake tsayawa gaban allo.

Ta yi awa biyu a layi a barandar ofis. Ɗaliban da ke gabanta da na bayanta suka yi ta kallon takalmansu. Har lokacin ba ta yanke abin da za ta ce ba. Ta shirya jimla biyu, ɗaya mai rusunawa, ɗaya mai tsayawa, tana auna su a baki kamar mai ɗanɗana gishiri.

Ofishin ƙarami ne, takardun jarrabawa a ɗaure da igiya sun taru a kusurwa har sun kai taga, gizo-gizo ya yi gida a kan na ƙasa. A bango akwai takardun shaida guda biyar a cikin gilashi, da hoton Dokta yana gaisawa da wani babba, da kalanda mai manyan lambobi. Dokta na zaune yana danna waya, ya kawo ta dab da hancinsa.

Ta yi sallama. Ya ɗago ya dube ta sosai, ya yi murmushi.

“Bismillah, Hajiya, zauna. 'Yarki ce ke da matsala?”

“Ɗaliba ce ni, Dokta. Fom na kawo.”

“Madalla, madalla. Ilimi ba ya tsufa.” Ya miƙo hannu ya karɓa. “Ki yi haƙuri da jiran da kika yi, kwanan nan ba ni da mota. Wata mata ce ta lalata min ita ran Litinin. Ki ji fa, Hajiya, ke da kike babba. Mace ta samu tsakiyar titi, safiya, kowa na sauri, ta kafe kamar an dasa ta. Na yi magana tana nuna min fitila. Irin waɗannan ƙauyawan da miji zai saya wa mota don a ce ya saya. Ke a ganinki wannan tarbiyya ce?”

Malama ta dube shi. Kwana uku aji guda bai yi barci ba, an yi tawaga, an yi kuka, ita kanta ta rame a tsaye, a kan mutumin da bai ma san fuskar wadda zai yi wa riƙon ba. Jimlolinta biyu suka watse.

“Ni ce, Dokta.”

“Ke ce wa?”

“Baƙauyiyar.”

Ya ajiye fom ɗin. Ya ƙanƙance ido, ya turo kai gaba, ya ɗan karkata shi gefe. Malama ta san wannan kallon. Ta gan shi a fuskar yara fiye da hamsin, waɗanda ake yi wa bulala a kan daƙiƙanci alhali allon ne ba sa gani. Ta dubi fom ɗin: ya riga ya sa hannu, amma a gurbin da aka rubuta sa hannun ɗalibi.

“To, to,” in ji Dokta yana gyara zama, muryarsa ta canza. “Kin kyauta da kika zo da kanki. Ni ba mai riƙo ba ne. Tunda kin gane kuskurenki...”

“Dokta, yau nawa ga wata?”

“Me?”

“Ga kalanda can a bango. Karanta min layin ƙasa.”

“Ke, kin san da wa kike magana?”

“Na sani. Layin ƙasa kawai.”

Ta faɗe shi ne da muryar filin taro, wadda ba a ɗaga ta amma ba a ƙetare ta. Kuma abin mamaki, Dokta ya juya ya dubi kalandar. Ya daɗe yana kallo. Fanka na ta juyawa a sama.

“Hasken ɗakin nan ba shi da kyau,” in ji shi.

“Hasken titi ma ran Litinin ba shi da kyau. Ba ka ga danja ba, ba ka ga motata ba, ba ka gan ni ba, yanzu kuma ka sa hannu a wurina. Dokta, ba ka gani. Wannan karon bamba ce. A mararrabar nan yara ke tsallakawa, na wasu mutane, da aka turo su karatu. Ka je a auna idonka.”

Ya dubi ƙofa ya tabbatar a rufe take. Sannan a hankali ya jawo aljihun tebur, ya ɗaga wasu takardu, ya fito da wani gidan tabarau da ko ledarsa ba a gama cirewa ba.

“An auna,” in ji shi ƙasa-ƙasa. “Shekara biyu ke nan. Tsufar da ni yake yi.”

“Sa shi mu gani.”

Ya sa. Gilashin mai kauri ne, idanunsa suka yi girma a ciki kamar na mujiya. Ya dubi kalanda, ya dubi tarin takardun kusurwa kamar bai san sun kai haka ba, sannan ya dube ta.

“Ashe ke babba ce sosai,” in ji shi.

“Ka ga har ya fara aiki.”

Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ba shi ba. Ya soke sa hannun farko, ya sake sa wani a inda ya dace, ya buga hatimi da ƙarfin da ya fi buƙata, ya ce maganar mota an rufe ta, kuma abin da aka yi a ofishin nan a ofishin nan zai tsaya. Ta ce ta ji. Ta karɓi fom ɗinta ta fita.

A baranda layin ya ninka, don labari ya zaga cewa Mama Sigina ta shiga. Kwamared ya matso yana murza hannu.

“Mama, an dace? Kin ba shi haƙurin?”

“Na ba shi shawara.”

“Shawara kuma? Mama, kin kashe mu.”

Bai san iya gaskiyar da ya faɗa ba. Ran Litinin Dokta ya shigo aji ƙarfe takwas daidai, da tabarau a fuska. Ya tsaya a gaban allo ya dubi ɗalibansa, karo na farko a shekara biyu. Ya ga layin baya inda ake barci. Ya ga na tsakiya inda ake kallon ƙwallo a waya. Ya ga wata tana yi wa wata kitso. Ya karɓi takardar sunaye daga hannun Kwamared, ya duba, mutum ɗari uku da tamanin da shida sun sa hannu. Ya ƙirga kawuna da bakin biro, layi-layi, ba gaggawa: ɗari da talatin da ɗaya.

“Wakilin aji,” in ji shi, “ina sauran?”

Kwamared ya ce wataƙila sun fita shan ruwa.

Daga ranar Dokta bai sake fashin aji ba, kamar wanda aka ba sabon abin wasa. Ranar jarrabawa da kansa ya yi tsaro, ya kama mutum goma sha tara da 'yan takardu a hannun riga, a safa, da cikin murfin biro. Aji ya yi ittifaƙi cewa a tarihin sashen ba a taɓa yin annoba irin Mama Sigina ba. Da ta je ta rusuna kamar yadda aka roƙe ta, da yanzu kowa na zaune lafiya da makahonsa. Takwara ce kaɗai ta ci gaba da shiga motar, ita ma sai an wuce kwanar gidan take ɗago kai.

Malama kuwa ta sa karatunta a gaba. Ta yi mako biyar tana tashi da asuba tana karatu a tsakar gida, ta cike littafi biyu da rubutu, har ta ciro littafin Takwara da ya tokare tagar ta duba wani abu a ciki, tagar ta yi ta bugawa.

Da sakamako ya fito aka manna shi a allon sanarwa na sashen. Fiye da rabin aji sun faɗi. Kwamared ya tsallake da ƙyar, da maki ɗaya, ya ce wannan nasara ce ta talakawa. Lambar Malama ce a sama, ita kaɗai da maki saba'in da takwas.

Nan take aji ya rabu biyu. Ɓangare ɗaya suka ce ai a ofis ɗin nan ta durƙusa har ƙasa ta yi kuka, akwai wanda ya leƙa ta ramin makulli ya gani da idonsa. Ɗaya ɓangaren suka ce ƙarya ne, matar tana da wani babba a sama, shi ya buga waya, ba ku ga yadda take tuƙi ba kamar titin na ubanta ne? Aka yi ta musu a gaban allon har rana ta take, har aka kusa ba hammata iska. Malama na tsaye a bayansu da jakarta, tana jira a matsa ta kwafi makinta, tana sauraron kowane ɓangare da kyau. A cikin mutum ɗari da wani abu da suka taru a wurin, ba a samu ko ɗaya da ya kawo zancen ko karatu ta yi ba.